Asalin Kalmar "Thin" da Nahawunta a Harsunan Dangin Jamusanci

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne, a aji na koyi Hausa. A shekarata ta biyu malaminmu na tarihin harshe ya ba mu jinga: kowa ya kawo kalmomin da ke nuna dangantaka tsakanin harsuna. Na tara kalmomin Hausa da na Ingilishi masu kama da juna, na miƙa ina murna. Da takardar ta dawo sai na ga ya rubuta da jan biro, "Kama da wane ba wane ba ne." Daga nan na fahimci cewa hujjar dangantaka ita ce canjin sauti mai bin ƙa'ida. Kalmar Ingilishi thin, wato siriri, ita ta ƙara fito mini da wannan darasi fili.

Saiwar Kalmar

Ga yadda kalmar take a harsunan wannan dangi: Jamusanci dünn, Holanci dun, harshen Suwidin tunn, na Nowe tynn, na Danmak tynd, na Aisilan þunnur. Masana sun gano cewa duk sun fito daga *þunnuz ta uwar harsunan. Alamar tauraro na nufin ba a sami kalmar a rubuce ba, kwatanci ne ya samar da ita. Ita kuma daga saiwar Indo-Turai *ten- ta tsiro, mai ma'anar miƙewa, domin abin da aka ja ya miƙe yakan sirance. Daga wannan saiwa Latin ya sami tenuis, Sanskirit ya sami tanu.

Canjin Sauti

To, me ya sa Latin ke da t, Ingilishi kuwa th? Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 sun nuna cewa t ta Indo-Turai ta koma zuzau þ, wato th, a wannan dangi. Daga baya Jamusanci da Holanci suka mai da ita d, Suwidin da Nowe da Danmak suka mai da ita t, Ingilishi da Aisilan suka riƙe ta. Ƙa'idar ba ta tsaya ga kalma ɗaya ba: Latin tres (uku), Ingilishi three, Jamusanci drei, Suwidin tre. Ashe idan mu 'yan Nijeriya muka furta thin kamar tin, hanyar da mutanen Suwidin suka bi tun da daɗewa muka bi.

Wasalin ma yana da labari. A reshen yamma kalmar ta ƙare da i, sai wannan i ta jawo u gaba. Haka aka sami þynne a tsohon Ingilishi, da dünn daga dunni a Jamusanci. Ɗalibin Hausa ba zai yi mamaki ba, domin ya san ganɗantawa, inda wasalin da ke biye yake sauya baƙi: mota, motoci, ƙasa, ƙasashe.

Nahawu

Kalmar sifa ce. A Jamusanci tana dacewa da jinsin suna: ein dünner Mann (siririn mutum), eine dünne Frau (siririyar mace), ein dünnes Buch (siririn littafi). Suwidin na da tunn, tunt da tunna. Ingilishi kuwa ya zubar da waɗannan ɗafa-ƙeya, sai na kwatance kawai: thinner da thinnest. A nan Hausa ta fi kama da Jamusanci, don muna da siriri, siririya, sirara. Amma wannan kamanni ne na tsari kurum, Hausa 'yar dangin Cadi ce.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai ita ce, kafin mu ce kalmomi biyu 'yan uwa ne, mu nemo ƙa'idar sautin da ta haɗa su, mu gwada ta a kan wasu kalmomi. Da na yi haka tun farko, da makina ba su zube ba.