Hanyoyin Keke Na Ƙasar Yashe Da Shirun Da Ya Sauya Kama

A ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, akwai tafkin da ake kira Vättern, wanda shi ne na biyu a girma a ƙasar. Tun daga 1966, a watan Yuni dubban mutane kan hallara a garin Motala da ke gaɓarsa, su hau kekuna su zagaye shi, tafiyar kilomita 300 da 'yan kai, da yawansu su kwana suna taka feda domin daren wannan lokaci a can gajere ne ƙwarai. Babban tafkin ƙasar kuwa, Vänern, an shata masa tasa hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 640, aka buɗe ta a 2022. Abin da ya ɗauki hankalina a labarin wannan hanya shi ne yawancinta ba sabon gini ba ne. Tsofaffin hanyoyin ƙauye ne, wasu da kwalta wasu da tsakuwa, waɗanda mota ba ta cika bi ba, aka haɗa bakin wannan da na waccan, aka kafa alamu, aka ce wa mai keke ga inda zai bi hankalinsa kwance.

Irin waɗannan hanyoyi muna da su, kuma a cikinsu na tashi. Wanda bai san Yashe ba sai ta gilashin mota, abin da ya sani shi ne babban titin Kano zuwa Katsina, da tirelolin da ke keta shi dare da rana, da hada-hadar Gidan Mutum Ɗaya inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta rabu. Amma da zarar mutum ya sauka daga kwalta ya yi 'yar tafiya, ƙugin injin sai ya gushe, ya bar shi da ƙarar sarƙar kekensa da kukan kurciya. Daga nan turba ce ke miƙa shi ga burtali, burtali ya miƙa shi ga wata turbar, tsakanin gonakin gero da dawa da gyaɗa, a ƙarƙashin kuka da ɗorawa da gawo, har ya ɓulla ƙauyukan ƙasar Kusada ko ya nausa wajen Kankiya ba tare da ya yi gogayya da mota ko ɗaya ba.

Kowace hanya da halinta, kuma mahayi na gaskiya ya san su kamar yadda ya san ɗakunan gidansu. Akwai mai jar ƙasa, wadda bayan ɗaukewar ruwa takan daskare ta yi sumul har ta fi wata kwaltar daɗin taya. Akwai mai rairayi, wadda da rani sai an sauka an tura. Akwai wadda tsidau ya mamaye gefenta, wanda duk ya kauce wa tsakiyarta zai kwana da labarin mai faci. Lokacin da ya fi, a nawa ɗanɗanon, shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa farkon hunturu, da sassafe, sa'ad da aka girbe amfanin gona ido ya sami nisan gani, ƙasa ba ta gama sakin jiki ba, iska kuma ba ta fara ɗaukar ƙura sosai ba.

Bambancinmu da mutanen Suwidin ɗaya ne babba. Su yawon buɗe ido da motsa jiki ke fito da yawancinsu bakin tafki. Mu kuwa wanda za ka gamu da shi a turba malamin firamare ne da ke sauri kada a kaɗa ƙararrawa bai iso ba, ko ɗan koli da kayansa ɗaure a kariya, ko manomi da buhun taki, ko yaro da ya goyo ƙanensa zuwa makaranta. Wato abin da yake nishaɗi a wurinsu, a wurinmu hanyar abinci ce. Wannan bai rage wa hanyoyinmu daraja ba. Ƙara musu ya yi, domin ranar da suka lalace ba hutu za a fasa ba, tukunya ce ba za a ɗora ba.

Ruwan ma ba mu rasa shi ba. Ban da tafkuna da fadamun da ke warwatse a ƙauyukanmu, wanda ya isa Kankiya ya kama hanyar Dutsinma zai kai ga madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka tare kogin Karaduwa da ita, aka kammala a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. An gina ta ne don noman rani da ruwan sha, ta shafe shekaru masu yawa ruwan na kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha da ke ɗiba daga gare ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓarta da hantsi, ya ga masunta a kwalekwale suna jan tarwaɗa da karfasa, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga lambunan tumatir da albasa kore shar a tsakiyar rani, ba zai yi wa kowa hassadar tafkinsa ba.

Keke kansa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Iyayenmu sun yi zamanin da Raleigh yake abin tunƙaho, a wanke shi, a shafe shi da mai, a jingine shi a zaure inda kowa zai gani. Mu kuma mun yi zamanin keken haya, inda yaro zai tara kwabbansa don ya sami 'yan mintoci yana koyo, mai keke na zaune yana ƙirga masa lokaci. Da babura masu araha suka cika kasuwa, sai keke ya koma alamar rashi, har saurayi ya ji kunyar zuwa zance a kansa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta kama hawa, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Kekunan da aka rataye a rumbu da bayan ɗaki sai ga su sun sauko. Masu gyaran keke da suka fara tunanin sauya sana'a suka koma ƙarƙashin bishiyoyinsu.

Sai dai keken ya dawo ya tarar da hanyarsa ta canza. Babban titi, wanda aka daɗe ana aikin mayar da shi tagwaye, an auna shi ne da ma'aunin mota. Mai keke a kansa kamar kaza ce a tsakiyar garken shanu. Masu dogon tunani za su tuna marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, wanda a 2001 wata motar bas ta ture shi daga kan nasa a Abuja. An yi masa dariya a lokacin, alhali abin da ya same shi yana samun talakawa a titunanmu ba tare da jarida ta ji ba. Burtali kuma, wanda shi ne mafakar mai gudun titi, kowace damina sai garma ta ɗan gutsure shi, wannan ya ƙara kunya ɗaya, maƙwabcinsa ya ƙara biyu, har hanyar da garke ke wucewa ta zama siririn zare. Rikicin manomi da makiyayi ake tunawa idan an yi maganar cinye burtali, ba a tuna cewa a nan ɗan makaranta ma yake bi. Inda kwalbati ya karye kuwa, zaizayar ƙasa kan raba ƙauye biyu har ruwa ya ɗauke.

Duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka gwada su da tsoro. Shirun da nake yabo a turbobinmu na da, shiru ne na aminci, wanda mutum zai jingine keke a gindin tsamiya ya yi sallar La'asar ba ya waiwaye. Wanda ake ji yanzu a wasu hanyoyin, musamman in an doshi yamma wajen Dutsinma, Safana da Ɗanmusa, shiru ne na wurin da mutane suka ƙaurace wa. 'Yan bindiga sun mayar da keɓewar hanya, wadda ita ce kyanta, ta zama aibinta. A 2021 sai da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, domin a kan babur masifar take yawo. Ban taɓa jin an tashi gari a kan kekuna ba, amma mai keke shi ne ya fi kowa rasa hanyarsa, tunda ba shi da gudun tsira. Yau in wani ya tambaye ni yadda zai zagaya Zobe a keke, amsar gaskiya ita ce ya fara tambayar mutanen wurin halin da ake ciki a wannan makon, kuma kada yamma ta riske shi.

A 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da wata manufa cewa ba za a ɗauki mutuwar kowa a kan hanya a matsayin farashin zirga-zirga ba, kuma alhakin yana kan masu tsara hanya kamar yadda yake kan masu binta. Wannan ne tushen da zan so mu ara, ba launin allunansu ba. Katsina na cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin gyaran hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa, don haka idan za a zaɓi hanyoyi a Kusada da Kankiya, a tambayi masu binsu da keke da ƙafa wace ƙorama ce ke tare su, domin sau da yawa kwalbati ɗaya ya fi musu kilomita goma na kwalta amfani. Hakimai da dagatai, waɗanda suka san iyakar kowace gona tun kaka da kakanni, su fito da manoma da ardo-ardo a sake shata burtali, a dasa masa bedi ko aduwa a gefe don kada a sake musun inda ya tsaya. Jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa a 2023 su riƙa leƙa turbobin da ke kai wa kasuwanni a ranakun cinsu, ba bakin kwalta kaɗai ba. A babban titi kuma, tun aikin bai rufe ba, a bar wa keke da amalanke gefe mai faɗi daga Yashe zuwa Kankiya, a kuma yi wurin tsallakawa na ƙwarai a Gidan Mutum Ɗaya.