Yadda Ake Haɗa Tawagar Kati Takwas a Clash Royale Ba Tare da Ka Ƙona Kuɗinka Ba

Yau za mu ɗan ajiye zancen Kannywood mu leƙa wani gem da ya kama samari a wajenmu nan Rafin Guza har zuwa Kawo. In ka zo shagon cajin waya bayan isha'i za ka ga kowa ya sunkuyar da kai, babu mai kula wani, can sai ka ji ihu wai an rushe masa hasumiya. Sunan gem ɗin Clash Royale, kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ne ya sake shi a duniya a watan Maris na 2016.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Wane kati ne ya fi ƙarfi?" Amsata kullum ɗaya ce, babu shi. Haɗin ne ke cin wasa, kuma shi zan yi bayani yau.

Yadda wasan yake a taƙaice

Ku biyu ne, kowa da hasumiya uku: ta sarki a tsakiya, biyu a gefe. Kogi ya raba ku, da gada biyu a kansa. Minti uku ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara lokaci. Ba kamar Whot ba ne da za a raba maka abin da ka samu. Nan kai ne za ka zaɓi kati takwas tun kafin a shiga fili. Huɗu ne ke hannunka a lokaci guda, wanda ka jefa sai ya koma ƙarshen layi, ba zai dawo ba sai ka jefa wasu huɗu.

Kowane kati da farashinsa, kuma da wani ruwa mai launin hoda da ake kira elikza ake biya. Ba ya wuce 10, kuma ɗigo ɗaya na shigowa duk bayan daƙiƙa 2.8, sai a minti na uku gudun ya ninka. To duk sirrin wasan a kan wannan ruwan yake.

Ba a yin fim da jarumai takwas

Mu da muke bin fim mun san wannan. Ko furodusa na da kuɗin ɗaukar Ali Nuhu da Adam A. Zango a fim ɗaya, dole ya nemo mugu, da uba, da mai ba da dariya irin marigayi Rabilu Musa Ibro. In kowa jarumi ne, waye zai buɗe ƙofa ya ce "Alhaji ana sallama"?

Haka tawagarka take. Na sha ganin wanda ya zuba Golem, P.E.K.K.A, Mega Knight, Rocket, Wizard, Witch, Prince da Balloon, yana murna wai ya tara manya. Ka haɗa farashinsu, 48 ne, ka raba gida takwas, ya zama 6 kenan a kowane kati. Golem shi kaɗai 8 ne, wato in ruwanka ya ƙare sai ka jira sama da daƙiƙa 22 kafin ka iya sauke shi. Kafin nan wallahi an gama da gidanka kana kallo.

Ayyukan da dole a samu mai yi

Na farko, mai rushe hasumiya. Akwai katunan da babu ruwansu da sojojin abokin gaba, gini kawai suke nema: Hog Rider, Giant, Golem, Balloon. Zaɓi ɗaya ka gina komai a kansa. Shi ne jarumin fim ɗinka.

Na biyu, masu harbin sama, aƙalla biyu. Valkyrie da Mini P.E.K.K.A da Cannon duk ba sa taɓa abin da ke tashi. In Musketeer ce kaɗai mai harbin sama a wajenka aka kashe ta, Balloon zai taho a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure ya sauke maka bam.

Na uku, mai share taro, irin Valkyrie da ke juyi da gatari ko Baby Dragon. In ba haka ba Skeleton Army mai farashi 3 zai cinye maka P.E.K.K.A mai 7.

Na huɗu, mai kashe ƙato, kamar Mini P.E.K.K.A ko Inferno Tower. Gini yana da ƙarin amfani, domin in ka dasa shi a tsakiya yana janye Hog Rider da Giant daga hanyar hasumiyarka.

Na biyar, sihiri biyu, ƙarami da babba. Ƙarami irin Zap, The Log ko Arrows, babba irin Fireball ko Poison. Ka lura fa, The Log a ƙasa yake gangarawa, ba ya taɓa Minions.

Gurbin da ya rage ka cike da mai arha, 1 zuwa 3, don layin katinka ya riƙa juyawa da sauri.

Lissafi irin na ɗan kasuwa

Duk jefawa ciniki ce. Ya sako Minion Horde na 5, ka share su da Arrows na 3, ka ci ribar 2. Ya cillo Goblin Barrel na 3, ka murƙushe da The Log na 2, ribar 1. Ya sauke Golem na 8, ka tare shi da Inferno Tower na 5, ribar 3, in dai bai samu abin katse wutar ba. Ribar nan ka tara, sai ka ga ruwansa ya yi ƙasa ka afka ta ɗaya gadar. Shi ya sa ga mai koyo nake ba da shawarar matsakaicin farashi ya tsaya tsakanin 3 da 4. Gem ɗin da kansa yana nuna maka wannan lambar a ƙasan katunan.

Ka duba wayarka da sabis ɗinka

Wannan ne abin da masu bidiyon YouTube na ƙasashen waje ba za su gaya maka ba. Akwai shahararriyar tawaga da ake kira 2.6: Hog Rider, Musketeer, Cannon, Ice Golem, Ice Spirit, Skeletons, Fireball da The Log. Tana da kyau sosai, amma tana buƙatar ka ajiye kowane kati a daidai wuri kuma a daidai daƙiƙa. In sabis ya yi tangal-tangal kamar yadda yake mana da daddare, ko waya ta ɗau zafi tana tsayawa, Cannon ɗinka zai sauka bayan Hog Rider ya wuce. Ka yi komai daidai amma ka sha kashi.

Mai irin wayarmu ya fi dacewa da tawagar da ke yafe ɗan jinkiri. Ga wadda nake ba duk sabon shiga: Giant, Musketeer, Valkyrie, Mini P.E.K.K.A, Minions, Cannon, Fireball, Zap. Jimilla 29, matsakaici 3.6. Ka sauke Giant can bayan hasumiyar sarki, kafin ya taka zuwa gada ruwanka ya taru, sai ka bi bayansa da Musketeer. In aka kawo maka hari, ka tare da Valkyrie ko Mini P.E.K.K.A, wanda ya tsira sai ka sa Giant a gabansa su tafi tare.

Maganar kuɗi

Gem ɗin kyauta ne, amma a ciki ana ta tallata maka koren lu'ulu'u da akwatuna. Samari da yawa kuɗin datarsu da na makaranta can yake tafiya, kuma ba su daina shan kashi ba, saboda duk sati sai sun canza tawaga. Gwal ɗin da za su zuba wa kati takwas sai su watsa shi a kan talatin, babu ko ɗaya da ya yi ƙarfi. Da ma an ce taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi takwas ɗinka ka riƙe su. Ka shiga ƙungiya ka riƙa roƙon kati, domin duka katunan tawagar sabon shiga da na lissafa maka a sama daga ƙananan aji biyu suke, waɗanda 'yan ƙungiya ke iya ba ka kyauta. In ka faɗi, ka kalli maimaicin wasan, ka gano aikin da babu mai yi a tawagarka, ka canza kati ɗaya kacal ka sake gwadawa.

Kuma kada ka ce abin na Turawa da 'yan Japan ne kawai. Wanda ya lashe gasar duniya ta Clash Royale League a 2022, Mohamed Light, ɗan Masar ne, ɗan nahiyarmu.

Abu na ƙarshe abokina, wasa minti uku ne amma "bari in ƙara ɗaya" yana iya kai ka asuba. In an kira salla ko Hajiya ta aike ka, ajiye wayar, hasumiyar tana nan. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.