Ruwan Jidda da Kuɗinsa

Jidda tana bakin Bahar Maliya, amma ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi. A zamanin da, mutanen garin su kan gina manyan ramuka su tare ruwan sama, masu raƙuma kuma su ɗebo daga rijiyoyin bayan gari su kawo talla. A 1907 Turkawa suka kafa wata na'ura mai dafa ruwan teku da gawayin ƙasa ta raba shi da gishiri, ana ce mata Kindasa. A 1947, zamanin Sarki Abdul'aziz, aka jawo ruwa cikin bututu daga Wadi Fatima. Gari ya yi ta cika har wannan ma ya kasa, aka koma ga teku. Yanzu mafi yawan ruwan da a ke sha a Jidda na teku ne da aka tace, a wurare kamar Shu'aiba, kudu da garin. Watau ko wace garwa sai an ƙona mai ko an ci wuta kafin ta samu.

Shekara da shekaru hukuma ce ke ɗauke da kusan dukkan nauyin, mutane ba su san zafin abin ba. A ƙarshen 2015 aka sake tsarin biya. Da takardun kuɗi suka fara isa gidaje sai kuka ya yi yawa, har aka sauke ministan ruwa a watan Afrilu na 2016, watau 1437 Hijira.

Tsarin nan hawa-hawa ne kamar matakala. Ana auna ruwa da mita kubik, watau lita 1,000, kimanin duro 5 ke nan. Yadda aka yanka a lokacin, 15 na farko a wata halala 10 ko wace ɗaya, halala 100 kuwa ita ce riyal. Na biyun riyal 1, na ukun riyal 3, na huɗun riyal 4, abin da ya haura 60 kuwa riyal 6. Gidan da ya ci 30 zai biya riyal 16 da rabi. Maƙwabcinsa da ya ci 60 zai biya 121 da rabi, ban da kuɗin magudana. Ruwan ninki biyu ne kawai, amma kuɗin ya fi ninki bakwai. Sabo da haka duro ɗaya da aka tsimi daga saman matakala ya fi goma na ƙasa daraja.

To, ina ruwan ke tafiya? Ba a randar sha ba. Yawancin gidajen Jidda suna da tanki biyu, ɗaya binne a ƙasa, ɗaya bisa rufi, da inji mai tura ruwa sama. Na ƙasan nan shi ne ɓarawon gida. In ya tsage, ƙasa ke shanye ruwan ba mai gani. In kuwa 'yar ƙwallon da ke rufe bakin bututu ta lalace, sai ya cika ya yi ta malala. Gane wannan ba wuya. A kashe inji, a rufe mashigar ruwa, a yi alama da dare inda ruwa ya tsaya. In gari ya waye ya sauka, a nemo mai gyara tun takarda ba ta zo ba. Haka kuma akwatin ruwan masai: a ɗiga masa bula kaɗan, in launi ya bayyana a ƙasa ba wanda ya ja, yana yoyo dare da rana.

Sauran na hannu ne. Mai wanke mota ko tsakar gida da tiyo ya kan zubar da abin da bokiti biyu za su yi. Jidda gari ne mai gumi, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa mai yawa. In an tara masa bokiti ya isa goge daɓe da ban ruwan shuka, amma ba na sha ba ne.

Hausawan da ke zaune can, jikokin mahajjatan da suka bi ta Sudan da waɗanda suka zo daga baya, ba baƙin wannan ilmi ba ne. Wanda ya taɓa sayen ruwan 'yan garuwa a Kano ya san buta guda ta kan isa alwala, ga shi mai sakin famfo ya kan kwarar da buta da dama kafin ya wanke ƙafa. A 2019 hukumar Saudiyya ta ce ko wane mutum a ƙasar yana cin lita 263 a rana, garwa 14 da ɗoriya, ta kuma ɗaura niyyar mai da shi 150 kafin 2030.