Ƙurar Hunturu a Cikin Kyamara

Da hunturun bara na ɗauki hotunan bikin ƙanwata a Zariya. Da na dawo gida na zuba su a kwamfuta, sai na ga wani ɗigo mai duhu a saman kowane hoto, wuri ɗaya, ba ya gusawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don biki ba a maimaita shi.

Gilashin gaba na fara zargi. Na goge shi har sau uku, ɗigon yana nan daram. Ashe ƙurar tana kan sensa ne, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ta shiga lokacin da na canza gilashi a tsakar gida, iska na kaɗawa, yara na guje-guje.

Gane ta ba wuya. Ka matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, duk ƙwayar da ta maƙale za ta fito ɓaro-ɓaro. A f/2.8 da ƙyar ake ganinta, shi ya sa take yaudarar mutane.

Wajen sharewa, cika batir tukuna, ka zaɓi tsabtace sensa a cikin saiti, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, sannan ka hura da ɗan famfon roba. Don Allah kar ka hura da baki, danshin numfashi tabo yake bari, kuma kar gefen riga ya kusanci wurin. Wadda ta ƙi fita, a kai wa mai gyara.

Yanzu cikin ɗaki nake canza gilashi, ƙofa a rufe, kyamara a kashe.