Samarin Jiya da Samarin Yau: Daga Alƙalami Zuwa Wayar Hannu

Sau da yawa idan muka zauna da malaman makarantu bayan an tashi daga aiki, zance yakan biyo ta kan samari, sai ka ji wani ya ce yaran yanzu ba su san komai ba sai hayaniya, wani kuma ya ce ai su ne suka fi iyayensu zuciya. To, kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda samarin ƙasar nan suka riƙa neman gyara tun daga farko, gama wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya gane inda aka dosa.

A shekarar 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi, inda 'yan boko ƙalilan suke haɗuwa da ma'aikatan En'e, har da Turawan mulki, suna muhawara a kan al'amuran ƙasa. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Balewa, da Malam Aminu Kano wanda a lokacin shekarunsa 23 kacal, yana koyarwa a Midil. Da muhawara ta kai ga tambayar yadda ake yanka wa sarakuna albashi, sai hukuma ta rufe zauren. Samarin ba su watse ba, suka kafa ƙungiyar kansu ta neman ci gaban Bauchi. A Sakkwato ma Malam Shehu Shagari da abokansa suna da irin wannan ƙungiya. Daga waɗannan ƙananan taruka ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta tsiro, aka yi babban taronta a Kaduna a 1949, sa'an nan ranar 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari suka kafa NEPU a Kano.

Abin lura a nan shi ne makamansu. Alƙalami ne da takarda, da wasiƙa zuwa ga editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da waƙa, da lacca a bakin kasuwa. Ba su da yawa, amma sun san juna, suna da shugaba da magatakarda da ma'aji, kuma duk abin da suke nema a rubuce yake. Kada kuwa a yi zaton an yaba musu a zamaninsu. An kira su marasa kunya, an kori waɗansu daga aiki, an ɗaure waɗansu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku tun tana yarinya saboda neman 'yancin mata, amma matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Bayan an sami mulkin kai, sai fagen ya koma jami'a. Ɗalibai suka tashi a kan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila, har aka soke ta a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Da soja suka karɓi mulki suka rufe jam'iyyu, ƙungiyar ɗalibai ta zama kusan ita kaɗai ce bakin talaka. A watan Afrilu 1978 aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na kowace rana, jami'o'i suka yamutse suna neman a sauke kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Aka harbe ɗalibai a Legas da Samaru, gwamnati kuma ta haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. A watan Mayu 1986 jini ya sake zuba a Samaru. Samarin wannan zamani sun fi na farko yawa nesa ba kusa ba, sun kuma fito titi, amma har ila yau suna da shugabanni zaɓaɓɓu waɗanda za a iya kira a zauna da su.

Wayar hannu ta shigo a 2001, intanet ya biyo baya, nan fa al'amari ya sake kama. A Janairu 2012 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen naira 140, cikin 'yan kwanaki garuruwa suka cika da jama'a, tilas gwamnati ta mayar da ita naira 97. A 2014 kukan neman 'yan matan Chibok 276 ya kai Amurka da Turai kafin wata guda. A Oktoba 2020 samari suka sa aka rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, alhali ba su da shugaba ko ɗaya da za a nuna. Saƙon da a dā yake kwana bakwai a jakar masinja, yanzu kafin ƙiftawar ido ya zaga ƙasa, kuma ɗan acaɓa da ɗan jami'a duk sun sami bakin magana. Wannan ci gaba ne, ba mu musu.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Taron da ba shi da shugaba, ba shi da mai tsawatawa. A watan Agusta 2024 samari suka fito saboda yunwa da tsadar rayuwa, kukansu kuwa gaskiya ne, sai ɓata-gari suka shiga ciki, aka fasa ma'aikatu a Kano, aka yi hasarar rayuka. A farkon Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana gaban kotu a Abuja, waɗansu suka faɗi don galabaita, sai da Shugaban Ƙasa ya ba da umurni aka sake su. Duk malamin da ya ga hoton yaran nan, ya san waɗanda ya kamata a ce suna aji ne. Wa ya tura su, kuma ina ya shiga da aka kama su?

Akwai misali guda da ya nuna cewa samarin yau ma sun iya haƙuri in sun so. Waɗansu daga cikinsu sun yi shekara biyu suna bin majalisun jihohi da ta tarayya da takarda a hannu, har ranar 31 ga Mayu 2018 aka sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa zaɓe: na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Ba a fasa tagar kowa ba, ga shi kuwa dokar tana nan. Sun haɗa saurin waya da tsarin mutanen Bauchi, shi ya sa suka ci nasara.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu da malaman kwalejojin horon malamai su farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara waɗanda suka mutu a wurare da dama. A bar yara su zaɓi shugabanninsu, su rubuta bayanin taro, su koyi sauraron wanda ya saɓa musu, su kuma koyi bincika labari kafin su tura wa wani. In sun yi tambaya mai nauyi, a amsa musu, kada a rufe zauren kamar yadda aka yi a Bauchi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikatan ofis kuma, idan samari suka kawo kuka a rubuce, a karɓa, a ba da amsa a kan lokaci, gama wanda aka ƙi karanta takardarsa shi ne yakan ɗauki dutse.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanni kunnen sauraro, amin.