Hanyar huda rami da matsalar sunan abin da take aunawa

Maƙerin Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, ya san fartanya takan tsage ba tare da ta ci karo da dutse ba. Mai walda a Maraɗi kuma ya san ƙarfen amalanke yakan karye daidai bakin haɗi. Injiniyoyi suna danganta wannan da abin da Faransanci ke kira contraintes résiduelles, kuma a nan za mu duba yadda ake auna shi da yadda ya kamata mu kira shi da Hausa.

Idan aka tsoma jan ƙarfe cikin ruwa, bayansa ke fara hucewa ya sandare. Cikin yana hucewa daga baya, yana neman tsukewa, bayan ya hana shi. Ƙarfen ya yi sanyi, amma wani sashe yana ja, wani yana matse, ido kuwa ba ya ganin komai.

Bajamushe Josef Mathar ne ya fito da hanyar huda rami a 1934, hukumar ASTM ta Amurka kuma ta tsara ƙa'idarta mai lamba E837 a 1981. Ana manna ƴan ma'aunai uku masu jin miƙewa a fuskar ƙarfen, kowane yana duban kusurwa dabam, sannan a huda rami mai faɗin kamar milimita 2 a tsakiyarsu, kaɗan-kaɗan. Wanda ya taɓa ganin an huda fatar ganga mai ɗauri ya san bakin ramin yana ja da baya. Haka ƙarfe ke yi, sai dai motsin ya fi ƙarfin ido. Daga wannan motsi ake lissafa girman ƙarfin da ke kwance da inda ya fuskanta. Awon bai wuce kusa da fuskar ƙarfen ba, ramin kuma ya zauna ke nan.

Fassara kalma da kalma za ta ba mu «ragowar matsi». A ganinmu ba ta dace ba: «matsi» rabin al'amarin ne kawai, kuma rabin da ya fi sauƙin haɗari, tun da ja ne ke buɗe tsaga. «Ragowa» kuma tana sa mai karatu ya zaci abu ne kaɗan, alhali a bakin walda yakan kai kusa da iyakar abin da ƙarfen ke iya ɗauka. Mun fi son «kwantaccen ɗauri», domin ɗauri ya ƙunshi igiyar da ke ja da kayan da ta matse.