Haɗa Inbata da Wayar Rumfa: Kada a Cusa Ta a Soket

Duk wanda ke hulɗa da 'yan uwanmu na Sudan ya san abin da rashin wuta ya yi wa Khartum da Umdurman tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A 2025 ma an kai hari da jirage marasa matuƙi kan madatsar ruwa ta Marawi da tashoshin wuta na Umdurman, gari ya yi duhu. Wannan ya sa mutane da yawa suka koma farantin sola da batir da inbata. Bafatake mai ɗan ɗaki ko rumfa a kasuwar dabbobi irin ta Muwailih, yamma da Umdurman, shi ma yana bukatar fanka da fitila da cajin waya, wani har da firjin ajiye allurar rigakafin shanu.

Inbata dai ita ce ke juya wutar batir, bolt 12 ko 24, ta koma bolt 230 irin ta gida, wadda Sudan da Nijeriya duka ke amfani da ita. To, matsalar tana wajen haɗi.

Abin da wasu ke yi shi ne su sami waya mai filogi biyu, ɗaya a inbata, ɗaya a soket na bango, sai duk rumfa ta kama. Wallahi wannan ganganci ne. Haƙoran filogin da ke hannunka wuta ce tsirara, yaro ya taɓa shi ke nan. Sannan in rumfar tana jone da wutar gwamnati, wutar inbata za ta bi waya ta fita waje, ta iske ma'aikacin da ya hau turke yana gyara, shi kuwa a zatonsa layi a kashe yake. Ranar da aka maido wuta kuma ba zato, inbatar ce za ta ƙone, wani lokaci har da rumfar da takardun ciniki.

Hanyar da ta dace ita ce makunnin canji, wanda masu gyaran wuta ke kira canja-oba. Wutar gwamnati ta shigo ta gefe ɗaya, ta inbata ta ɗaya gefen, rumfa ta ɗauka daga tsakiya, ba yadda za a yi su gamu. A sayi mai yanke wayoyi biyun duka. In rumfar ba ta da wutar gwamnati sam, inbata ta bi ta ƙaramin akwatin fis mai na'urar katse wuta in an sami yoyo, a kuma kafa sandar atin a ƙasa. Nan sai ƙwararre, domin ba kowace inbata ce ke yarda a haɗa wayarta da atin ba. Ya duba takardarta tukuna.

Ɓangaren batir ne aka fi rainawa. Inbata mai jan wat 1000 a bolt 12 tana zuƙar fiye da amfiya 80, siririyar waya za ta narke. A sa mai kauri, gajera, da fis dab da batir. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in ana caji, don haka kada a kulle shi a akwati, kada a ajiye shi kusa da harawa ko dusa. Zafin Umdurman da kan wuce digiri 40 a watan Mayu yana rage wa batir kwana, ƙurar habub kuma tana toshe fankar inbata, a riƙa karkaɗewa.

Ga lissafi. Batir mai 200Ah a bolt 12, rabinsa kawai ya kamata a sha. Fanka ɗaya da ƙwai uku da cajin waya, kimanin wat 100, za su yi wajen awa 10. Firji kuwa yakan ja ninki uku ko fiye yayin tashi, kuma allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 ba yankewa. Mai firji ya faɗa wa mai haɗin tun farko, a auna inbata da batir da shi.